Kada ka tara wa rigimarka runduna

Ɗana, na san kai ba mai son fitina ba ne, shi ya sa nake so mu yi wannan magana tun ranka yana kwance. Sau da yawa mutum zai yi cacar baki da maƙwabcinsa a kan kwata ko iyakar gona, ya dawo gida yana huci yana cewa shi da wane yaƙi ne har abada. Wannan saɓani ne kawai irin na zaman tare, zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma muddin akwai mai unguwa ko limami da zai ce ku bari, ku ji nauyinsa ku bari, abin bai wuce gyara ba.

Amma kada ka raina shi, domin abin da ke sa ƙasashe su ɗauki makami, wato kwaɗayin ƙasa da mulki da dukiya, da tsoro, da ramuwar gayya, da girman kai, shi ne yake motsi a zuciyarka ranar da aka taka ka. Larabawan jahiliyya, Bakr da Taglib, dangin juna ne, amma a kan raƙuma ɗaya da Kulaibu na Taglib ya harbe, Jassasu na Bakr ya kashe shi, aka shafe shekara 40 ana zubar da jini a yaƙin Basus. A Kano ma, da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, sai Yusufu da sauran 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai suka tara mayaƙa. Dukkansu jikokin Ibrahim Dabo ne, gida ɗaya, amma ƙura ba ta lafa ba sai 1895, bayan Aliyu Babba, ɗan'uwan Yusufu, ya hau gado, an kashe Tukur, an ƙona garuruwa, an kama talakawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ka lura da inda abin yake sauya kama. Saɓani yana komawa yaƙi ne ranar da ya bar hannun mutum biyu, kowa ya kira danginsa da abokansa, aka daina tambayar wa ke da gaskiya, aka koma tambayar wa ke namu, aka kuma toshe kunne daga mai shiga tsakani. Daga nan wanda bai san mafarin maganar ba shi zai fi kowa zafi, kai kuwa da ka fara ba ka da ikon tsayar da ita.

Saboda haka, ɗana, idan an zalunce ka, nemi haƙƙinka, ba na ce ka zama dolo ba. Ka je wurin dattawa, ka je kotu idan ta kama. Sai dai ka bar laifin a kan wanda ya yi shi, kada ka shafa wa ƙabilarsa ko addininsa ko 'ya'yansa, kada kuma ka zaunar da naka 'ya'yan kana karanta musu gaba, domin za su riƙe ta bayan kai ka huce. Allah ya ba ka haƙuri, ya kuma sa ka zama wanda ake kira idan ana neman sulhu.