Taura Biyu a Baki Ɗaya: Ɗalibin Jami'a da Neman Abinci

Hausawa sukan ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka, wanda ya zaga birnin Garwa da yamma zai ga samari da 'yan mata da yawa suna fama da taura biyu a baki ɗaya. Wani da safe yana zaune a ajin jami'a, da la'asar kuwa yana bisa babur yana acaɓa tsakanin babbar kasuwa da unguwar Rumde Ajiya. Wata tana tsaron rumfar aika kuɗi ta Orange Money, littafinta a buɗe bisa cinya. Wani kuma yana bin gidajen ma'aikata yana koya wa 'ya'yansu lissafi saboda jarrabawar BEPC ko ta Bakaloriya. Dukansu ɗalibai ne, dukansu kuma masu neman abinci ne. Tambayar ita ce: mutumin da ya raba ranarsa haka, akwai wanda yake cuta? In akwai, wane ne?

Yadda abin ya faro

Ba haka abin yake tun farko ba. Jami'ar Yawunde, wadda aka kafa a 1962, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar Kamaru har shekara talatin. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta, yawancinsu ma gwamnati ce take ba su kuɗin tallafi. A watan Janairu na 1993 aka yi babban gyara. Jami'o'in gwamnati suka zama 6, har da ta Ngaundere da ke garin Dang. Aka soke tallafin, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. A cikin wannan shekara aka rage albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu, a Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Wato lokacin da aka fara neman kuɗi a hannun ɗalibi, lokacin ne aljihun ubansa ya fi bushewa.

Daga baya aka kafa Jami'ar Marwa a 2008, sa'an nan Jami'ar Garwa a 2022. Wannan alheri ne, gama ɗan manomin auduga daga Pitowa ko Gidar ko Lagdo, wanda a dā Yawunde ta yi masa nisa, yanzu jami'a ta zo kusa da ƙofar gidansu. Amma sefa 50,000 kuɗin shiga ne kawai. Akwai hayar ɗaki, akwai abinci, akwai kuɗin buga takardun darasi da kuɗin abin hawa. A 2014, da aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan sefa 36,270 a wata, kuɗin rajista kaɗai ya fi albashin lebura na wata guda. Saboda haka ɗalibi da yawa ba su zaɓi aiki don sha'awa ba. In ba su yi aiki ba, ba za su yi karatu ba.

Aiki ba abin kunya ba ne

Dole a faɗi wannan tun da fari, domin akwai masu ganin cewa ɗan jami'a ya fi ƙarfin tura baro ko sayar da albasa. Wannan girman kai ne. Saurayin da ya ci abinci da gumin goshinsa ya fi wanda yake matsa wa gwauruwar uwarsa ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. Aiki kuma malami ne. Wanda ya taɓa riƙe kuɗin wani ya mayar da su cif, wanda ya taɓa haƙuri da fushin mai ciniki, ya koyi abin da ba a rubuta a allo. Mai koyar da yara a gida yakan gane cewa bai fahimci darasi ba sai ran da ya iya bayyana shi ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu.

Amma rana ba ta ƙaruwa don mutum yana da bukata. Mako ɗaya sa'a 168 ne ga mai kuɗi da matalauci. A ce ɗalibi ya yi barcin sa'a 49, ya zauna a aji sa'a 25, ya kashe sa'a 24 wajen cin abinci da wanka da tafiya da sujada. Saura 70. In ya hau babur sa'a 7 kowace rana har kwana 6, ya cire 42. Saura 28, wato sa'a 4 a rana. A takarda sun isa. Amma sa'o'i ne na mutumin da ya wuni cikin zafin Garwa, inda a watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan wuce 40. Idonsa yana kan littafi, hankalinsa ya riga ya kwanta. Ba banza ba ne ƙasar Faransa ta kayyade wa baƙin ɗalibai aikin sa'a 964 a shekara, wajen sa'a 20 a mako. Masu dokar sun san akwai iyakar da in aiki ya wuce ta, sunan ɗalibi kawai ya rage.

Wanda ba ya wurin cinikin

Sau da yawa akan ɗauka cewa maganar tsakanin ɗalibi da kansa ce: in ya faɗi jarrabawa, shi ya yi hasara. Da haka ne, da abin ya zo da sauƙi. Amma akwai wani mutum wanda ba ya wurin sa'ad da ɗalibi yake raba sa'o'insa, alhali kuwa shi ne zai biya.

Takardar digiri shaida ce. Tana gaya wa baƙo, wanda ba shi da hanyar gwadawa, cewa mai wannan takarda ya san abin da aka rubuta a kanta. A Garwa akwai sashen koyon aikin likita. A Marwa akwai babbar makarantar horon malaman sakandare. A Ngaundere ana koyon likitancin dabbobi da sarrafa abinci. Matar da za ta kawo jaririnta da zazzaɓi nan da shekara goma, da yaran da za su zauna a aji a wani ƙauye kusa da Mokolo, da makiyayin da shanunsa suka kamu da ciwo, ba wanda zai tambayi ma'aikacin ko ya halarci darasi a shekararsa ta biyu. Za su amince da takardar. Sa'ar da ɗalibi ya sayar yau domin tuwon dare, in daga cikin ilimin da waɗannan mutane za su dogara a kai ya yanko ta, to, ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba ne.

Nan ne jaraba take shigowa, kuma iri ɗaya ce a kowace ƙasa. Gajiyayyen ɗalibi yakan roƙi aboki ya sa masa hannu a takardar halarta. Daga nan sai haddace amsoshin bara ba tare da ganewa ba. Daga nan sai satar amsa, ko neman wanda za a ba wani abu domin maki. Kowane mataki ƙarami ne, kowanne kuma yana da hujjar talauci a bayansa. Ƙarshensa takarda ce mai faɗin ƙarya har tsawon ran mai ita. Cutar takan juya ta ɗaya gefen ma: ɗalibin da ya karɓi kuɗin iyaye don ya koyar da ɗansu, ya zo ba shiri, ya zauna yana karatun jarrabawarsa yaron yana kwafe-kwafe, shi ma ya ci amana.

Mai yunwa fa?

Wani zai ce, wanda ya ƙoshi ne yake da bakin yi wa mai yunwa wa'azin gaskiya. Maganar tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Ɗan mai kuɗi ba ya fuskantar wannan gwaji, ba kuwa don ya fi kirki ba. Amma rashin adalcin da aka yi wa matalaucin ɗalibi ba ya ba shi izini ya miƙa shi ga majinyaci, wanda sau da yawa ya fi shi talauci.

Hanyoyin gaskiya suna nan, ko da yake ba su da daɗi. Ɗalibi yana iya neman aikin da ya yi kusa da karatunsa, ko da kuɗinsa bai kai na acaɓa ba. Yana iya tara ƙarfinsa a lokacin dogon hutu, ya rage aiki in jarrabawa ta gabato. Yana iya gaya wa mai ba shi aiki iyakar sa'o'insa tun ranar farko. In duk wannan bai isa ba, gara digirin shekara uku ya ɗauke shi shekara huɗu da ya fito a kan kari da kai wofi. Wannan hasara ce ta gaske: wani kuɗin rajista, wata shekarar haya, kunyar zama aji ɗaya da ƙanne, ga 'ya mace kuma matsin dangi a kan aure. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma hasarar ta tsaya a kan wanda ya san da ita, ya yarda ya ɗauka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ba daidai ba ne a ɗora wa saurayi ɗan shekara ashirin dukan wannan kaya. Iyayen da suke kiran ɗansu gona a watan Yuni, lokacin da shuka takan zo daidai da jarrabawar ƙarshen shekara, su auna abin da suke nema. Dangin da suka ji ɗalibi ya sami ɗan aiki suka fara aiko masa da bukatu, su tuna cewa kuɗin littafi suke ci. Mai shago ko mai makarantar kuɗi da yake biyan ɗalibi rabin lada don ya san ba shi da mafita, yana cin gumin marar ƙarfi. Malamin da yake sāke lokacin darasi ba sanarwa yana tilasta wa ɗalibi ya saɓa alkawari a wani wuri. Wanda kuwa yake da ɗaki a bayan gida, ko yana iya ƙara kwano ɗaya a abincin dare, ya sani cewa sa'o'in da ya fanso wa ɗalibi za su koma ga jama'a wata rana, watakila a gadon asibitin da shi kansa zai kwanta.