Shahada da Bashi: Tambayar da Alakyo Ta Bari

A ranar 7 ga Mayu, 2013, ayarin 'yan sanda da jami'an hukumar tsaro ta DSS ya tashi daga Lafiya zuwa ƙauyen Alakyo a Jihar Nasarawa domin kamo jagoran ƙungiyar Ombatse. Kwanton ɓauna suka tarar. Jami'ai fiye da 60 ne suka mutu, aka kuma ƙone gawarwakin da dama daga cikinsu. Matan mamatan suka fito suka tare babbar hanya a Akwanga suna kuka.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, a Alakyo ne ko a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, da Boko Haram ta afka wa ofisoshin 'yan sanda, tambaya ɗaya kan taso a wurin zaman makoki, galibi da murya ƙasa-ƙasa: shin ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki ya yi shahada?

Masu cewa e suna da madogara. Hadisi ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa, wani hadisin a Tirmizi kuma ya yi wa mai kwana yana gadi saboda Allah bushara da tsira daga wuta. To, ina ga wanda ya kwana yana gadin unguwa guda? A fiƙihun Malikiyya dai, shahidin fagen fama ne kawai ba a yi wa wanka da salla. Wanda aka kashe bisa zalunci ana yi masa duka biyun, kamar yadda aka yi wa Sayyidina Umar, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Masu ja da baya ba fiƙihu ne ya dame su ba, shingen hanya ne. Direban da aka tatsa jiya ba ya saurin cewa amin yau. Shi ma yana da hujja, ko da bai san inda take ba: a Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, malamai kuma sun shigar da sauran haƙƙoƙin mutane a ciki. Kaki ba ya goge na-goro. Sai dai direban bai san ko wannan mamacin ya taɓa karɓa ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa gawa laifin runduna. Imam Bukhari ya ware babi guda kan kada a yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin shahada. Haka nan ba a yanke masa akasinta.

Amma maganar bashi kaifi biyu gare ta, kuma ɗaya kaifin ne ba a cika taɓawa ba. Bayan kisan Alakyo, shugaban DSS na lokacin, Ita Ekpenyong, ya ce hukumarsa ta yafe wa makasan. Magana ce mai daɗin ji, amma a shari'ar Musulunci yafe jini haƙƙin magada ne, ba na ofis ba. Uwar da ba ta samu gawar ɗanta ta binne ba, wa ya tuntuɓe ta? Manzon Allah (SAW), bayan da Allah ya buɗa wa al'umma, ya ɗauki nauyin bashi da marayun muminan da suka rasu, daga nan ne malamai suka fahimci cewa wannan nauyi yana kan shugaba. Jami'an Alakyo Musulmi ne da Kirista, kuma marayunsu duka a wuyan gwamnati ɗaya suke.

A 2024 Shugaba Tinubu ya ware 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa. Fareti da jawabi ba laifi ba ne. Sai dai zai fi amfani idan a ranar aka karanto sunayen waɗanda suka mutu a shekarar, aka faɗi iyalai nawa aka biya haƙƙinsu, nawa ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis, da kuma makasa nawa aka gurfanar gaban alƙali.