Ko Ana Iya Karanta Niyyar Magini Daga Cikin Manhaja?

Babbar manhaja, irin wadda banki ko kamfanin jiragen sama ke dogaro da ita, haɗaɗɗen gini ne na sassa masu yawa, kowanne da marubucinsa da zamaninsa. Idan maginan sun watse, takardun bayani kuma sun tsufa, wanda ya gaji aikin dole ya koma bin diddigi. Zai kwance ta sashe-sashe, ya zana wanne ke kiran wanne, wanne ke miƙa wa wanne bayani, kamar makaniken da ya shimfiɗa kayan inji a kan buhu yana duba mazaunin kowane ƙarfe. A 1990 Elliot Chikofsky da James Cross suka fayyace wannan aiki da cewa gano sassan tsari ne da alaƙarsu, sannan a sake bayyana tsarin a siffar da ta fi sauƙin fahimta.

A nan tambayar falsafa take: shin abin da aka kwance ya isa ya nuna abin da maginin ya nufa?

Peter Naur, masanin kwamfuta ɗan Denmark, ya ce bai isa ba. A wata maƙala ta 1985, bisa tunanin masanin falsafa Gilbert Ryle, ya nuna cewa ran manhaja shi ne fahimtar da ke cikin kawunan maginanta: dalilin zaɓen kowace hanya, da abin da aka ɗauka ba zai taɓa faruwa ba. A ganinsa, ranar da waɗannan mutane suka watse manhajar ta mutu, ko da tana ci gaba da aiki.

Ga misali: ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou, ta tarwatse cikin daƙiƙa 40 ko kusa da haka. Manhajar da ke auna tafiyarta an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru ba ta ba da kunya ba. Akwai wani adadi mai alaƙa da gudun roka a kwance, wanda ake matse shi daga gurbi 64 zuwa gurbi 16. Injiniyoyin farko sun bar wurin ba kariya da gangan, domin lissafinsu ya nuna adadin ba zai wuce gurbin ba, kuma suna tattalin ƙarfin kwamfutar. Hukuncinsu daidai ne a kan Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi gudu, adadin ya cika ya batse, kwamfutar ta tsaya. Ta ajiyar ma ta riga ta faɗi, don rubutunsu ɗaya ne. Abin takaici, lissafin wannan adadi ba shi da wani amfani ga Ariane 5 bayan tashi.

Mai karanta layukan manhajar zai ga babu kariya, amma ba zai san ko mantuwa ce ko shawara ba, balle ya san sharaɗin da shawarar ta rataya a kai.

Duk da haka Naur ya ɗan tsananta. Ana farfaɗo da tsofaffin manhajoji, har waɗanda aka rubuta da COBOL, harshen da ya samo asali tun 1959. Sai dai fahimtar da magaji ya gina tasa ce, zato ne mai hujja, kuma gwaji ne ke tabbatar da ita ko ya rushe ta. Shi ya sa masu kula da manyan tsare-tsare ke rubuta dalilin kowace shawara tare da sharuɗɗanta, suna zaunar da sabon ma'aikaci kusa da tsohon hannu kafin ya yi ritaya, suna kuma sake gwada duk sashen da aka ɗauko daga wani wuri da ainihin alƙaluman sabon mazauninsa.