Wa Ke Bin Mawaƙi Bashin Sunansa?

A watan Fabrairu na shekara ta 2021 wani ɗalibi a birnin Seyul, hedkwatar Koriya ta Kudu, ya ɗora kundin waƙoƙi guda goma a Bandcamp, wata kasuwar intanet inda makaɗa ke sayar da aikinsu ba tare da dillali ba. Sunan kundin To See the Next Part of the Dream, wato a ga yadda mafarkin zai ci gaba. Mai shi ya sa hannu da laƙabin Parannoul, wanda da harshen Koriya ke nufin shuɗin faɗuwar rana. Bai sa hotonsa ba, bai faɗi sunan yanka ba. Iyakar abin da ya ce game da kansa shi ne ɗalibi ne mai haɗa waƙa a ɗakin kwanansa. Cikin ƴan makonni masu sauraro a dandalin Rate Your Music suka ɗaga kundin sama, mujallar Pitchfork ta Amurka ta yaba masa, aka wayi gari mutanen da ba su san ko harafi ɗaya na Koriyanci ba suna kwana da waƙoƙinsa. Har yau bai bayyana sunansa ba. Wannan shi ya haifar da tambayar da ta cancanci a zauna a kanta: shin mutumin da ya ɓoye sunansa yana iya zama mai gaskiya ga masu sauraronsa, ko kuwa ɓoye suna wani reshe ne na ha'inci?

Kafin a amsa, ya kamata a san irin kiɗan. Ana kiransa shoegaze, ma'ana kallon takalmi. Ya tsiro a Ingila da Ailan a ƙarshen shekarun 1980, kuma ƴan jarida ne suka laƙa masa sunan cikin ba'a, domin makaɗansa kan tsaya a dandamali kai sunkuye, idanunsu na kan ƴan akwatunan sarrafa sauti da suke takawa da ƙafa. Ana jera amon gita a kan amon gita har ya zama kamar hadari mai kauri, sai muryar mawaƙi ta nitse a ciki, ana jinta can ƙasa-ƙasa. Kundin Loveless na ƙungiyar My Bloody Valentine, wanda ya fito a 1991 bayan kusan shekara biyu ana aikinsa daga wannan ɗakin ɗaukar sauti zuwa wancan, shi ne ma'aunin wannan fanni. Ashe tun asali kiɗa ne na masu kunya, waɗanda suka fi son a ji su fiye da a gan su.

Parannoul ya ɗauki wannan kunya ya kai ta iyaka. Amon gitar da ke girgiza kunne a kundin nasa na 2021 kusan duk daga na'ura mai ƙwaƙwalwa ya fito, ba daga tsirkiyar da yatsa ya taɓa ba. Muryarsa kuwa da tsohuwar wayar salula ya ɗauke ta. Ya sassaƙa guntayen magana daga finafinan Japan da ya tashi da su, ciki har da All About Lily Chou-Chou na Shunji Iwai, fim ɗin 2001 a kan ƴan makaranta da ke fakewa a waƙoƙin wata mawaƙiya daga zaluncin ƴan uwansu. A bayanin da ya raka kundin, ya siffanta mai waƙar a matsayin saurayin da bai cim ma kome ba, mai mummunar murya, wanda burinsa ya fi ƙarfinsa. Duk wannan ya faru ne a ƙasar da masana'antar waƙa ta ginu a kan fuska: kamfanoni na ɗaukar yara, su horar da su shekaru a rawa da waƙa da iya tsayuwa gaban kyamara, kuma watanni kaɗan kafin nan ƙungiyar BTS ta hau saman jadawalin waƙoƙin Amurka a 2020.

Masu zargi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa suna jingina ne: wanda ya sa hannu a magana ya yarda a kama shi da ita. A al'adar rubutacciyar waƙar Hausa ma, sau da yawa mawallafi kan faɗi sunansa a baitocin ƙarshe, ya nemi gafara, domin in an ga kuskure a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma duk shugaban makaranta ya san ɓarnar takardar da ba ta da sa hannu, wadda ake jefawa cikin dare ta ɓata mutuncin malami, mai ita kuwa ya yi barcinsa. Suna ƙara da cewa ɓoyon kansa yana iya zama dabarar talla, tunda ɗan Adam na son leƙa abin da aka rufe.

Sai dai hujjar ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, wato yin shiru da yin ƙarya. Tarihin adabin Faransa yana da misali mai haske. Romain Gary ya sami lambar Goncourt a 1956, kuma ƙa'ida ita ce ba a ba marubuci ɗaya sau biyu. A 1975 ya sake samun ta da littafin La Vie devant soi a ƙarƙashin sunan Emile Ajar, ya kuma tura wani ɗan uwansa ya fito gaban ƴan jarida a matsayin Ajar ɗin. Gaskiya ba ta fito ba sai a 1981, bayan rasuwarsa. Littafin yana nan da kyansa, amma an ruɗi alƙalai, an kuma karɓe abin da watakila rabon wani ne. Parannoul bai tura kowa a madadinsa ba. Ya ce akwai abin da ba zai faɗa ba, kuma bai faɗa ba. Abin da ya fi muni a gare shi kuwa, wato rashin iya gita da raunin murya da jin kansa a ƙasan kowa, shi ya fara shimfiɗawa a gaban jama'a. Yawancin shahararru sukan ba da suna da fuska su ɓoye rauni. Shi ya juya cinikin.

Daga nan ake iya ganin wa ke bin mutum bashin sunansa. Wanda aka cuta yana bin sa, domin sai da suna ake neman hakki. Wanda aka zarga yana bin sa, domin ya san wanda zai fuskanta. Amma mai sauraron da aka ba waƙa, wadda ba ta zagi kowa ba sai mai ita, me aka rage masa? Ya saya da sanin cewa ba a gaya masa suna ba. Abin da ya rage a zuciyarsa son sani ne kawai, kuma son sani ba hakki ba ne. Karin magana da tatsuniya sun rayu ɗaruruwan shekaru ba wanda ya san bakin da ya fara furta su, ba a kuma taɓa kiransu marasa gaskiya saboda haka ba.

Game da gitar na'ura, ana iya cewa ita ma ruɗi ce. To amma ruɗi sai da ɓoyewa, shi kuwa bai ɓoye ba. Kuma abin da ya yi da ya samu hali shi ne shaidar niyyarsa. A 2021 ɗin ya haɗa kundi da Asian Glow, ɗan ƙasarsa, da sonhos tomam conta ta ƙasar Burazil, waɗanda su ma daga ɗakunansu suke aiki. A Janairun 2023 ya tsaya a wani dandamali a unguwar Hongdae ta Seyul tare da makaɗa masu riƙe da kayan kiɗa na zahiri, aka ɗauki wasan aka fitar da shi da sunan After the Night. A wannan wata ne kuma kundin After the Magic ya fito, mai haske da sauƙin numfashi, da hannun wasu makaɗa a ciki. Sky Hundred ya biyo baya a 2024. Mutumin da ya fara da tsoron a gan shi ya yarda ya tsaya gaban taro, amma ya riƙe sunansa. Wato ya bambance tsakanin kaɗaici, wanda ciwo ne da ya nemi maganinsa, da sirri, wanda mallakinsa ne.

Akwai hasara a ciki, ba shakka. Wanda ba a san sunansa ba ba a yi masa kirari a unguwarsu, kuma in wani ya yi iƙirarin aikinsa, kare kai zai yi masa wuya. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya biya kuɗinta daga aljihunsa, ba daga na wani ba, kuma wannan shi ne ya raba shi da mai jefa takarda cikin dare.

Darasin ya shafi duk mai tarbiyyar matasa. A kowane aji akwai ɗalibin da ke rubutu a bayan littafinsa, wanda da za a ce ya miƙe ya karanta da sunansa, da ya yaga takardar. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya gasar waƙa ko ta gajeren labari sun san amfanin rufe sunayen masu takara kafin a miƙa wa alƙalai, domin kada ɗan wane ya rinjayi aikin da ya fi nasa. Abin da za a koya wa yaro shi ne ya sa hannu a duk maganar da za ta taɓa mutuncin wani, ko da hannun na rawa. Abin da ya fito daga ciwonsa shi kaɗai kuwa, a bar masa zaɓin ranar da zai ce nasa ne.