Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsufa?

Shekarar Baba 74, kuma ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga da hawan jini. Magungunansa suna cikin wani tsohon gwangwanin madara da yake ajiyewa kusa da carbinsa. Da ƙanena da ke aiki a Jamus ya samu ƙaruwa, aka sa wa jaririn sunan Baba, sai Baba ya ce yana so ya ga takwaransa da idonsa. Ni aka ɗora wa neman biza, tunda ni zan raka shi.

Bizar ƙasashen Schengen ba ta fitowa sai da inshorar lafiya ta tafiya, wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000 na jinyar gaggawa ko na dawo da mutum gida, da rai ko gawa. A ofishin da na je, tawa ba ta ɗauki minti biyar ba. Da aka shigar da shekarun Baba da cututtukansa, kuɗin ya ninka. Mai arahar kuma ba ta biyan duk abin da ya taso daga ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, wato ainihin abin da muke tsoro. Sai saurayin da ke cike takardar ya sassauta murya ya ce, “Hajiya, ai ba dole ba ne a rubuta. Masu biza takarda kawai suke son gani.”

Bayan Magariba na tarar da Baba a kan buzunsa, na gaya masa yadda muka yi. Ya ce, “Uwata, in yi ƙarya don in ga jikana? In ciwon ya tashi a can za su auna jinina su gano, su ƙi biya. Kafin su ma, Allah ya riga ya gani.” Ya yi shiru, can ya ce, “Amma wannan inshora ba ta taɓa tawakkali ba kuwa?”

Na ce, “Baba, ku ne kuka ba mu labarin balaraben da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, Annabi (SAW) ya umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara.” Annabi Yusufu ma ya tara hatsin shekara bakwai saboda yunwar da ke tafe, ba a ce ya rasa tawakkali ba. Malaman da suka soki inshora, abin da suka duba shi ne garari, wato cinikin abin da ba a san ƙarshensa ba, da kuma ribar da kamfanoni ke juya kuɗin a cikinta. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci a taronta na Jidda a 1985, ta halatta ta taimakekeniya. Wannan ita ce takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979, a Najeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013.

Sai dai wata tambaya ce ta hana ni barci a daren. Me ya sa wanda ya fi kowa rauni shi ne zai fi kowa biya? Na san ba ƙeta ba ce, lissafi ne. Tsoho mai suga ya fi saurayi kusa da gadon asibiti, jinya a Turai kuma tana cin kuɗi mai yawa. Lissafin daidai yake, amma adalci ya fi lissafi faɗi. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda in guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Ba su taɓa cewa wanda ya fi jin yunwa ya fi zubawa ba. A ƙauyen su Baba ma, in aka kira gayya gonar dattijo, samari ke riƙe garma, shi kuwa furarsa da addu'arsa kawai yake kawowa.

Ko takaful ma tana duba shekaru da cuta, domin in an daidaita kuɗin kowa, masu lafiya kan janye, asusun ya ƙare a kan marasa lafiya. Ashe canza suna bai isa ba. Dole wani ya yarda ya biya fiye da nasa haɗarin don wani ya samu sauƙi, kuma wannan yarda daga zuciya take fitowa. A nan nake ganin addini ya shigo maganar. Mai lafiyar yau shi ne tsohon gobe, in Allah ya ja da rai.

Mu 'ya'yan Baba biyar muka haɗa kuɗin. Na koma ofishin da wasiƙar likitan Baba, aka rubuta suga, aka rubuta hawan jini, da sunan kowane magani da ke cikin gwangwanin. Da na miƙa wa Baba takardar, ya ninke ta ya sa cikin fasfo, ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke Jamus.

Baba yana da mu. Amma a sahun masallacinsu akwai sa'o'insa masu irin ciwonsa, waɗanda su ma suke da jikoki a nesa, ba su da 'ya'ya biyar da za su haɗa musu. Muna yin adashi don biki, muna tara gudummawa don ginin masallaci. Ina roƙon mu tuna da su ma, mu shimfiɗa musu mayafin Ash'ariyawa tun suna da ƙarfin tafiya.