Gonar Nabot da Dokar Noman Wiwi



A shekarar 2020 majalisar dokokin ƙasar Ghana ta yi doka wadda ta ba Ministan Cikin Gida ikon ba da lasin noman wiwi domin masana'antu da magani, muddin sinadarin da ke bugarwa a cikin ganyen bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A 2022 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe, domin majalisa ba ta yi muhawara a kansa yadda ya kamata ba. A 2023 majalisar ta sake zartar da shi. Lesotho ce ta fara ba da irin wannan lasin a Afirka a 2017, Maroko kuma ta yi tata dokar a 2021. A nan Nijeriya noman wiwi laifi ne, amma tun 2019 marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo na lokacin, ya yi ta kira a halatta shi domin magani. Tun da gemun maƙwabcinmu ya kama wuta, ya kamata mu shafa wa namu ruwa.

Ikilisiya ba ta ce wani tsiro mugu ne ba. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya dubi dukan abin da ya halitta ya ga yana da kyau. Idan likita ya samo a cikin ganye abin da zai sauƙaƙa wa mai farfaɗiya, mu gode wa Allah. Abin da Katikizim ya hana shi ne sha ba domin magani ba, da noma da fatauci a ɓoye. Paparoma Francis ya faɗa a Roma a 2014 cewa halatta kayan maye ba ya warkar da cutar. A ƙasarmu kuwa, binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 sun sha wiwi cikin shekara ɗaya. Yaron da ke bayan tasha ba shi da ma'aunin kashi 0.3, abin da zai shiga kunnensa kawai shi ne gwamnati ta yarda.

Amma abin da ya fi damunmu a yau shi ne gona. Ku tuna da Nabot mutumin Yezreyel, a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Ciniki ya kawo, ciniki mai kyau ma: a ba shi gonar inabin ya mai da ita lambu, shi kuma ya biya kuɗi ko ya ba da wata wadda ta fi ta. Nabot ya ƙi, domin gonar gādon kakanninsa ce, Shari'ar Musa kuwa ta koyar cewa ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne a kanta. Ku lura da yadda Yezebel ta bi da al'amarin. Ta rubuta wasiƙu, ta buga hatimin sarki, ta sa aka kira taro, aka kawo shaidu biyu. Kome ya bi tsari a idon mutane, amma Allah ya aiko annabi Iliya.

Ba mu ce kowane mai lasin Ahab ne ba. Sai dai mu tambaya, wa zai iya sayen lasin? A Lesotho kuɗinsa ya fi ƙarfin manoman kan duwatsu waɗanda suka daɗe suna noman a ɓoye, manyan kamfanoni ne suka shiga. Noman irin wannan yana bukatar shinge, da masu gadi, da ɗakin gwaji. Manomin da ke neman bashin taki buhu biyu ba shi da waɗannan. Abin da yake da shi fili ne, filin kuwa shi za a zo nema, musamman fadama mai ruwa, inda muke samun shinkafa da tumatir da rake. Ya karɓi kuɗin haya na shekara goma a rana ɗaya, ya kashe su a biki ɗaya, ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa, yana auno masara a kasuwa. Wiwi ba ya zama tuwo, ba a kuma kawo shi gaban bagade ranar godiyar kaka.

Saboda haka muna roƙon 'yan majalisarmu, Kirista da Musulmi, kada irin wannan doka ta wuce ba tare da an ji muryar manoma da iyaye mata ba. Katikis da shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan a ƙauyukan da Fada ba ya kaiwa kowace Lahadi. Duk wanda aka kawo wa takardar hayar gona, ko ta wace irin shuka ce, kada ya dangwala yatsa sai ya kai ta ga kwamitin Adalci da Salama na farish ɗinsa an karanta masa da Hausa, a gaban matarsa da 'ya'yansa.