Doka Ba Ta da Ƙafa

Kafin ladan ya kira assalatu, Barmu ta riga ta tashi. Taɓarya na faɗa wa turmi, mai amalanke na ɗaure jakinsa, ɗan kabu-kabu na tayar da babur zai kai fasinja Tawa, wani saurayi kuma ya rataya jaka ya nufi tasha, bida za shi, Abijan ko Legas ko Libiya. Da ku nake yau, ku da tafin hannunku ya yi kanta. A cikinku kuma ina da magana ta musamman da waɗanda har gobe, in sun je neman aure ko sun miƙe za su yi magana a fada, sai wani ya karkata ya yi raɗa: "Ai ka san asalinsu."

Kowa ya san abin da ake nufi. Adar ta ga bauta. Akwai garuruwan da kakanninsu suka yi noma wasu suka zo suka auna hatsin, akwai matan da suka tsufa suna daka da ɗibar ruwa a zangon da ba nasu ba, akwai yaran da aka raba a gado tare da awaki. Hausawa sun yi, Abzinawa sun yi, Fulani sun yi, don haka kada kowa ya wanke hannu ya nuna maƙwabci. A Disamban 1905 Faransa ta fitar da dokar hana saye da sayar da mutum a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ta juya kuma ita da kanta ta ɗora wa talaka aikin tilas, fasa dutse da share hanya da dakon kaya, har zuwa Afrilun 1946. Dokar Nijar da ta ce wanda ya bautar da mutum zai sha ɗaurin shekara 10 zuwa 30 kuwa, sai a Yunin 2003 ta zo. Ku lissafa da yatsa: shekara 98 tsakanin takardar farko da ta biyu.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dogon jira ba. Amurka ta soke bauta a 1865, amma baƙar fata a jihohin kudu bai samu dokar da ta tsare masa ƙuri'arsa da gaske ba sai 1965. A jihar Misisipi an yi wata mata, Fannie Lou Hamer, autar 'ya'ya 20, wadda ta fara tsinkar auduga tana shekara 6 a gonar wani Bature. A 1962 ta tafi garin Indianola don ta yi rajistar zaɓe. Da ta dawo, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa wuri. Ta bar masa wurin. Shekarar da ta biyo aka kulle ta a garin Winona, aka yi mata dukan da ta mutu da ciwonsa a jiki. Ba ta yi shiru ba, a 1964 ta zauna gaban manyan jam'iyyar Dimokurat ta ba da labarin dukan nan, ƙasar duka tana kallo a talabijin.

Abin da ya fi kama ni a rayuwarta shi ne abin da ta yi daga baya. A 1969 ta haɗa talakawa suka sayi eka 40, suka kafa gonar haɗin gwiwa. Ta gane da jikinta cewa wanda yake kwana a ƙasar wani, yake ci daga rumbun wani, ana iya rufe masa baki da kalma ɗaya: tashi. Duk manomin Adar da ya taɓa noma gonar aro ya san ɗacin kalmar nan.

Mu ma muna da tamu, kuma 'yar jihar Tawa ce. Hadijatu Mani tana shekara 12 aka sayar da ita, a 1996, kan jaka 240. Kuɗin saniya. Aka kai ta wani gida a yankin Birnin Ƙwanni a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, aiki da rana, shimfiɗa da dare. Masu yi suna lulluɓe abin da rigar addini. Ni dai ina tambaya: a wane yaƙi aka kamo yarinya Musulma da aka ƙirga kuɗi aka ɗauko daga hannun mutane? Kuma ladanin farko a Musulunci, Sayyidina Bilal, daga ina ya fito?

Shekara 9 ta yi a gidan. A 2005 aka ba ta takardar 'yanci, amma mutumin da ya saye ta ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda ranta yake so, kotu ta yanke mata wata 6 bisa laifin aure kan aure, ta kuwa shiga gidan kaso. Nan ne da yawa za su ce haka Allah ya so, su naɗe tabarma. Ita ta ƙi. Da taimakon Timidria, ƙungiyar da aka kafa a 1991, wadda sunanta ke nufin 'yan'uwantaka da Tamashek, ta kai ƙarar gwamnatin ƙasarta gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008, a Yamai, kotu ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta biya ta sefa miliyan 10. Mace ce da ba ta yi boko ba. A 2014 kotu a Ƙwanni ta ɗaure wani mutum shekara 4 kan ajiye wahaya. Nijar ta fita daga CEDEAO daga baya, gaskiya ne, sai dai dokar 2003 tamu ce, a Yamai aka rubuta ta, tana nan tana jiran mai ɗaukarta. Doka ba ta da ƙafa, Hadijatu ce ta goya ta har zauren alƙali.

Ku kuwa kun saba da goyon abu mai nauyi. Bayan farin 1984, lokacin da maza suka watse bida, su wa suka ɗauki duwatsun aikin raya ƙasa na Keita a ka, suka jera su a gangaren tsaunuka, suka dasa itatuwa, ana biyansu da abinci? Mata ne mafi yawa, kuma da yawansu jikokin waɗanda ake yi wa raɗar nan ne. Su wa suka haƙa tassa da rabin wata a faƙon Illela da Badagishiri har gero ya tsaya inda ko akuya ba ta tsayawa? Diga ba ta taɓa tambayar kowa sunan kakansa ba.

To, ƙasar da kuka raya da guminku, ku ɗaure ta da takarda. Tun 1993 Nijar take da dokar karkara, akwai kwamitocin filaye daga ƙauye har gunduma, aikinsu ke nan su shaida gonar da aka saya, ko aka gada, ko aka bayar kyauta. Baba, kada ka bar wa 'ya'yanka "ai kowa ya sani", domin masu sanin suna mutuwa. Inna, yarinyar nan da kika haifa a ɗaki, a yi mata takardar haihuwa, a sa ta lakwal, a bar ta ta gama. Ɗan'uwa da ke Abijan, cikin kuɗin da kake aikowa ka ware na wannan kafin na shadda. Wanda aka ce masa ba zai yi limanci ba, ko ba zai tsaya takarar kansila ba saboda asali, ya tsaya, ku kuma ku fito ku jefa masa ƙuri'a.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai, a raina shi a ƙofa. Ku tafi ku uku, ku huɗu, da dattawan da suka san inda iyakar gonar ta bi, daga gawon nan zuwa bakin ƙorama, ku je wurin kwamitin filaye tun rani bai ƙare ba, kafin ruwan farko ya sauka kowa ya duƙa shuka.